Daga tiyub zuwa katin jel: littafin aikin sauya hanyar gwaji a bankin jini

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kayan sun iso da safe: injin wulwula kati, akwatin ɗumi mai tsayawa a digiri 37, fifet guda biyu na auna ruwa a zuba, kwalaben ruwan sirki, da kwalayen katin jel. Shugabar ɗakin gwajin ta ɗora mini aikin gaba ɗaya. Zan gwada sabuwar hanyar gwajin jini kafin a ƙara wa majinyaci, wato katin jel, a gefen tsohuwa ta tiyub, in rubuta ƙa'idar aiki, in koya wa sauran, sannan in gaya mata ranar da za mu iya dogara da ita. Na ce mata zan riƙa rubuta abin da ke faruwa a wannan littafi, mai daɗi da marar daɗi, don wanda zai gaji aikin ya san dalilin kowane layi da zai tarar a ƙa'idar.

Katin ɗan roba ne da bai wuce tafin hannu ba, da ramuka shida a jere, an rufe bakinsu da takardar azurfa. Kowane rami yana da faɗi a sama, nan ake zuba jajayen ƙwayoyin jini da filasma, wato ruwan jini, sai ya tsuke ya zama siriri a ƙasa, inda jel ɗin yake. Aikin jel ɗin aikin rariya ne. Idan aka wulwula katin, ƙwayoyin da ke wawware sai su ratsa su taru a gindi. Waɗanda antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki da ke cikin filasma, ya kama ya cure su kuwa ba su da hanyar wucewa, sai su maƙale a sama ko a tsakiya, gwargwadon girman curin. Wani likita Bafaranshe, Yves Lapierre, shi ya fito da dabarar a birnin Lyon cikin shekarun 1980, aka buga bayaninta a mujallar Transfusion a 1990. Asalin gwajin kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba, domin tun 1945 Coombs da Mourant da Race suka nuna yadda za a bankaɗo antibodin da ya manne wa ƙwaya ba tare da ya cure ta ba.

Gara in faɗi gaskiya tun daga shafin farko: ni ɗan tiyub ne. Hannuna ya saba da wanke ƙwayoyi sau uku ko huɗu da ruwan gishiri, da girgiza ɗigon nan da ke zama a gindin tiyub a hankali ana kallonsa a gaban fitila. Ban shigo aikin nan da ɗoki ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwana goma ina wasa da katin, ba a kan jinin da za a ba wa kowa ba. Matakan ba su da yawa. Ana sirka ƙwayoyi su zama kashi 0.8 cikin ɗari, maimakon kashi 3 zuwa 5 da muka saba a tiyub. A zuba maikurolita 50 na ƙwayoyin a saman ramin, a bi da maikurolita 25 na filasma, a ɗumama minti 15, a wulwula minti 10, a karanta. Babu wanki ko sau ɗaya. Ruwan Coombs, mai cure ƙwayoyin da antibodi ya manne wa, yana cikin jel ɗin tun daga kamfani, kuma lokacin wulwulawa ƙwayoyin ne kawai ke da nauyin nutsewa, filasmar tana tsayawa a sama.

Rashin wankin nan shi ne abin da kowa ke yabo, kuma shi ne ya fara ba ni tsoro. A tiyub, duk gwajin da ya fito negetif sai mun ɗiga masa ƙwayoyin shaida, waɗanda aka riga aka lulluɓe da antibodi. In sun cure, ruwan Coombs yana da rai, sakamakon ya tabbata. In ba su cure ba, wanki bai yi kyau ba, ragowar filasma ta kashe ruwan, sai a sake daga farko. A kati babu wannan shaidar. Abin da ke kare jel ɗin daga filasma shi ne ɗan giɓin iska da ke tsakanin ruwan da aka zuba da saman jel, kuma hannun mai zubawa ne ke kiyaye shi.

Sai na gwada da gangan. Na ɗauki anti-D, antibodin da ke kama ƙwayoyin masu jinin D fozitif, wanda na sirka ya yi rauni, na zuba a ramuka uku yadda ya kamata, fifet a karkace, a hankali. Sauran ukun na miƙe fifet ɗin na danna da ƙarfi har ruwan ya taɓa jel kafin a ɗumama. Na farkon sun nuna curewa ƙarara. Na biyun sun yi rauni, ɗaya ma da ƙyar ido ke ganin wani abu. Kuma babu alamar da katin ya bayar cewa an yi kuskure, ya fito tsaf kamar kowane negetif. Na ajiye hoton ramukan shida, shi zan fara nuna wa duk wanda zan koya wa. Layin farko na ƙa'idar aiki: a ɗaga kati a duba giɓin iska kafin ya shiga akwatin ɗumi, in babu, a yar a sake.

Talata, 25 ga Fabrairu

Yau katin ya ci ni da yaƙi a wuri guda. Na tara ma'aikatan safe da na rana, na ba kowa samfura iri ɗaya a tiyub da a kati, na ce kowa ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya leƙa takardar wani ba. A tiyub, inda curewa ke da ƙarfi babu gardama, amma inda take da rauni sai ra'ayi ya rabu: wannan ya ce 1+, wancan ya ce negetif, domin ya girgiza da ɗan ƙarfi ya tarwatsa curin kafin ya gan shi. A kati kusan bakinsu ɗaya. Jan layi a can sama 4+ ne. Yawanci a rabin sama, 3+. A bazu tun daga sama har ƙasa, 2+. A rabin ƙasa da taruwa a gindi, 1+. Duka a gindi, jel ɗin fes, negetif.

Ga kuma abin da tiyub ba zai taɓa yi ba. Da zarar ka girgiza tiyub, shaidar ta tafi, sai abin da ka rubuta. Kati kuwa yana nan, mutum na biyu zai iya dubawa, ana iya ɗaukar hotonsa, wanda ya yi aikin dare shi kaɗai zai iya ajiye shi in zo da safe mu kalla tare. Wata ƙaramar ma'aikaciya da ba ta jima da fara kwanan aiki ba ta ce mini, "Yallaɓai, wannan kaɗai ya isa in riƙa yin barci idan na koma gida." Na gane abin da take nufi sarai, na yi irin wannan daren.

Mun kuma ga jini mai gauraye biyu a fili: majinyaci ɗan rukunin A da aka ƙara wa jinin O kwanan baya. Layi a sama, taruwa a gindi, tsakiya babu komai. A tiyub sai gwani ke kama wannan.

Laraba, 5 ga Maris

Murnar jiya-jiya ta ragu. Samfura da yawa daga ɗakin masu wankin ƙoda sun nuna siririn layi a saman jel tare da taruwa a gindi, kamar gauraye biyu, a dukkan ƙwayoyin bincike, wato ƙwayoyin da aka san nau'insu da muke neman antibodi da su, alhali tiyub bai nuna komai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da na bi sawu, sai na tarar duk an ɗebo su ne a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa, kuma majinyatan suna kan hefarin, maganin hana jini daskarewa. Jinin bai gama daskarewa ba muka raba ruwan, ya ci gaba da saƙa zaren fibirin a cikin ramin, zaren ya tare wasu ƙwayoyi a sama. Wankin da muke yi a tiyub yana tafiya da irin wannan datti ba mu ma sani ba. Rariya kuwa ba ruwanta, duk abin da ya fi ƙarfin raminta za ta riƙe shi, antibodi ne ko tarkace.

Maganin shi ne mu koma karɓar samfuri a kwalbar EDTA, mai murfi ruwan hoda-shuɗi, mu kuma wulwula shi sosai kafin a ɗebi filasma. Akwai abin da za a rasa: EDTA tana ɗaure kalsiyam, don haka kamfiliman, furotin ɗin jini da ke fasa ƙwayar da antibodi ya kama, ba zai yi aiki ba, ba za mu ƙara ganin fashewar ƙwayoyi a matsayin alamar antibodi ba. Na auna, na ga ribar ta fi. Wahalar ba ta kimiyya ba ce, ta isar da saƙo ce ga kowane ɗakin jinya, safe da dare, cewa kwalbar da suka saba aiko mana shekara da shekaru ta canza. Na rubuta sanarwa, na san kuma sai na bi da ƙafa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na'urar sanyaya ɗakin ajiya ta tsaya a ƙarshen mako, ba wanda ya lura. Takardar katinmu ta ce a ajiye shi tsakanin digiri 18 da 25, a tsaye. Na buɗe kwali na tarar a wasu katunan ruwan da ke kwance a saman jel ya ƙafe, wasu jel ɗin ya tsage, wasu da kumfa. Mun zubar da kwalin. Akwai wasu kuma da aka kwantar a gefe wajen ɗauko su, jel ya fantsama zuwa sama, waɗannan wulwulawa ɗaya kafin a buɗe ta mayar da su daidai. Yanzu akwai ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a kan kantar, da takardar sa hannu kullum. Layi na biyu a ƙa'ida: a duba kowane rami kafin a ɓare murfi, kuma a ɓare na ramukan da za a yi amfani da su kaɗai.

Litinin, 24 ga Maris

Mako na uku ke nan muna yin kowane binciken antibodi sau biyu, tiyub da kati, sakamakon tiyub ne ke fita. Yau aka samu saɓanin da ya biya kuɗin wahalar.

Matashiya ce mai sikila, an sha ƙara mata jini. Tiyub ya ce babu komai. Kati ya nuna 1+ a ƙwaya ɗaya cikin ukun bincike. Na sake da sabon kati, haka. Na shimfiɗa fanel, jerin ƙwayoyi goma sha ɗaya na gano sunan antibodi, sai ga shi duk ƙwayar da ke ɗauke da antijin E, wata alama a jikin ƙwaya da antibodi ke kamawa, ta amsa, waɗanda ba su da shi shiru. Da na maimaita da ƙwayoyin da aka jiƙa da fafen, wani sinadari daga gwanda, curewar ta ƙaru, yadda aka san antibodin gidan Rh da yi. Na samu uku masu antijin da suka amsa, uku marasa shi da ba su amsa ba, na cire sauran da ake tsoro ɗaya bayan ɗaya, Kell, Duffy, Kidd, S. Anti-E ne. Na duba ƙwayoyinta, amma da yake ba a jima da ƙara mata jini ba, sai gauraye biyu ya bayyana, don haka ban rubuta nata nau'in ba tukuna. Ledojin da aka ware mata guda biyu ne, ɗaya tana da E. Da tiyub kaɗai muka bi, da ta wuce gwajin dacewa, kuma da wataƙila bayan mako guda ko biyu a dawo da yarinyar da zazzaɓi, idanu sun yi rawaya, jinin da aka ƙara ya narke, a ce ciwonta ne ya tashi.

Na kira likitanta na gaya masa za a samu jinkiri. Ya ce, "Malam, jiya fa kun ce jinin ya dace." Na ce, "Dakta, jiya da tsohon ido muka duba." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko za mu iya ba duk masu sikilarsa jinin da ya dace da su a C da E da K tun kafin su yi antibodi. Abin da ya kamata ke nan, kuma da katin duba waɗannan antijin ɗin aikin ba shi da wuya. Na sa shi cikin abin da zan kai wa shugaba.

Sai dai idon da ya ga anti-E ɗin nan yana ganin abin da ba a aike shi ba. A makonnin nan mun samu anti-M mai son sanyi da ba ya cutar da kowa a zafin jiki. Mun samu mata masu ciki 'yan D negetif da aka yi wa allurar anti-D don hana jikinsu ƙera nasa, kati ya kama ragowar allurar makonni bayan tiyub ya daina ganinta, kuma babu yadda za a bambance ta da antibodin da jiki ya ƙera da kansa ta kallon rami, sai an tambayi ranar allura. Fom ɗinmu ba shi da gurbin wannan tambaya, zan ƙara. Mafi ban haushi su ne raunanan amsoshi da ba su bi tsarin kowane antijin ba: ƙwaya biyu a fanel su ɗan yi ja-ja a ƙasa, a ɓata awa biyu, a tashi babu suna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fanel ne, lokaci ne, jinkiri ne ga majinyaci. Wanda ya ce jel yana rage aiki, a kan benci na farko ya tsaya. Aikin bai ɓace ba, ya koma bencin gano antibodi ne, inda mu biyu kaɗai muka iya.

Asabar, 5 ga Afrilu

An kira ni daga gida. Dattijo mai sankarar ɓargo irin ta mayeloma, kati ya yi ja a ko'ina, har da ramin da aka haɗa ƙwayoyinsa da filasmarsa. Na ɗiga a gilashi na duba a madubin ƙara girma: ƙwayoyin sun jeru kamar an tara sulalla, abin da ake kira rulo. Furotin ne ya yi yawa a filasmarsa yana manna su, ba antibodi ba. A tiyub maganin minti biyu ne: a wulwula, a tsotse filasmar, a mayar da ruwan gishiri a madadinta, rulo ya watse, curewar gaskiya ta tsaya. A kati ba ka da hanyar shiga ramin ka canza komai. Da tiyub na gama aikin, aka ba shi jini kafin magariba.

Likitarsa ta gaya mini za a fara masa daratumumab a wata mai zuwa, na gode mata ƙwarai da ta faɗa tun yanzu. Shi kansa maganin antibodi ne, yana kama wani furotin mai suna CD38 a jikin ƙwayoyin sankarar, amma jajayen ƙwayoyin jini ma suna da ɗan CD38. Don haka filasmar duk wanda ke shansa za ta amsa da kowace ƙwayar bincike da kowace ledar jini a matakin Coombs, kuma hakan na iya ci gaba har wata shida bayan allurar ƙarshe. Rukunin ABO da D ba sa taɓuwa. Hanyar da aka saba ita ce a jiƙa ƙwayoyin bincike da sinadarin DTT, wanda ke lalata CD38, sai dai yana lalata antijin Kell tare da shi, shi ya sa ake ba irin waɗannan majinyata jini marar K, wato antijin Kell ɗin, sai in an san suna da shi. Ba mu da DTT. Na rubuta buƙata. Kafin nan zan yi wa dattijon cikakken binciken antibodi da nau'in antijin ɗinsa tun maganin bai shiga ba.

Ranar Alhamis shugaba ta yi maganar kwashe kantar tiyub don a samu wurin injin kati na biyu. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen wata." Yau na samu hujjata ta farko.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Katin da muke gwajin dacewa da shi an gina shi ne don kama antibodi nau'in IgG a digiri 37. Anti-A da anti-B kuwa, waɗanda su ne ke kashe mutum cikin mintuna idan aka yi kuskuren leda, yawancinsu wani nau'in ne, IgM, sun fi kamawa a zafin ɗaki. Na haɗa jinin da na san bai dace ba da gangan, iri-iri. Mafi yawa sun ba da 4+, babu wasa. Amma da na haɗa filasmar wani tsoho ɗan rukunin B, mai raunin anti-A, da ƙwayoyin A2B, waɗanda antijin A ɗinsu kaɗan ne, abin da ya fito bai kai yadda zan so ma'aikacin da ya gaji da ƙarfe uku na dare ya dogara da shi ba. Saboda haka gajeren gwajin nan na tiyub, a haɗa a wulwula nan take a duba, zai ci gaba da rakiyar kowane gwajin dacewa na kati. Ba mu da tsarin kwamfuta da aka tantance da zai ɗauke mana wannan.

Sai batun gaggawa. Ɗumi 15 da wulwulawa 10, minti 25 ke nan kafin a ƙidaya shiri, kuma ba a tsayar da injin a tsakiya don saka wani kati. Idan mai zubar da jini ya shigo, rukuninsa a tiyub ya fi sauri, jinin O kuma yana fita kafin komai. Shugaba ta yarda kantar ta zauna. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji abokin aikina na dare, wanda tun farko bai ɓoye cewa ba ya ƙaunar katin ba.

Talata, 6 ga Mayu

Mun shiga rukunin jini a kati, ABO da D. ABO bai ba da matsala ba. D ne ya tayar da ƙura. Wata mai juna biyu da tsohon rajistanmu ya ce D negetif ce, kati ya ba ta 2+. Ba kuskuren kowa ba ne. Akwai mutanen da antijin D ɗinsu ke da rauni, akwai kuma waɗanda nasu bai cika ba, wani sashe ya ɓace, kuma kowane ruwan anti-D da kowace hanya suna ganinsu daban. Masu rauni na nau'i 1 da 2 da 3 ana iya ɗaukarsu a matsayin fozitif ba tare da fargaba ba. Masu D marar cika kuwa suna iya ƙera anti-D idan suka haɗu da cikakken D, ta ƙarin jini ko ta ciki, kuma wasu ire-irensa, kamar DAR da DIVa, sun fi yawa a jinin mutanen da asalinsu Afirka ne. Ramin kati ba zai gaya maka wanne ke gabanka ba, sai gwajin ƙwayar halitta.

Abin da na rubuta: ga majinyaci, musamman mace da ke iya haihuwa, duk D da bai wuce 2+ ba a ɗauke shi negetif wajen ba da jini da allurar anti-D, har sai an tantance. Ga mai ba da jini akasin haka, ko ɗan alama aka gani ledarsa fozitif ce. Kuskure ta kowane gefe a karkata shi inda ba zai cutar ba. Matar ta samu allurarta.

Jarirai ma sun zo da nasu. Jinin igiyar cibiya yana zuwa da wani abu mai yauƙi da ke manna ƙwayoyi, sai an wanke su kafin su shiga kati, in ba haka ba layin ƙarya ne a sama. Kuma gwajin Coombs na kai tsaye, mai duba ko antibodi ya riga ya manne wa ƙwayoyin jaririn, ya fi fitowa fozitif a kati, galibi jariran A ko B da uwarsu O ce, da yawansu lafiya lau. Na gaya wa likitocin yara su sa ran haka, su haɗa shi da ma'aunin shawara da yanayin jaririn kafin su yanke hukunci.

Laraba, 21 ga Mayu

Gardamar da ba ta ƙare ba: taita, wato auna ƙarfin antibodi ga mai ciki ta hanyar sirka filasma ninki-ninki, 2, 4, 8, 16, har inda curewa ta tsaya. Likitocin haihuwa suna aiki da wata iyaka, a wurinmu 16 ga anti-D, wadda in aka kai ta sai a fara bibiyar jaririn da hoton gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwarsa. Amma da tiyub aka kafa wannan iyaka. Na gwada tsofaffin samfura da muka daskarar, kati yana ba da lamba sama da ta tiyub, wani lokaci ninki ɗaya, wani lokaci fiye, kuma ba daidai wa daida ba balle a ce a rage kaza. Idan muka sauya shiru, mace mai 8 a watan jiya za ta zama 32 a wannan watan ba tare da komai ya canza a jikinta ba, a tayar mata da hankali, a tura ta gwaje-gwajen da ba ta buƙata.

Abokiyar aikina da ke riƙe da bencin masu ciki tana ganin kati ya fi, domin lambarsa ba ta yawo tsakanin hannu da hannu, kuma tana da gaskiya a nan, taitar tiyub ta yi ƙaurin suna wajen bambanta daga ma'aikaci zuwa ma'aikaci. Ni kuma na ce ba za mu ba likita lamba da sabon ma'auni ya karanta ta da tsohuwar iyaka ba. Mun tsaya a kan cewa taita tana nan a tiyub, kowane sabon samfuri a gwada shi tare da na baya da aka daskarar, a rubuta hanyar da aka bi a jikin sakamako. Za mu ci gaba da yin na kati a gefe muna tarawa, in sun yi yawa mu zauna da likitocin haihuwa.

Litinin, 2 ga Yuni

Shugaba ta sa hannu a ƙa'idar aiki ranar Juma'a. Daga yau binciken antibodi, fanel, gwajin dacewa na Coombs da rukunin jini na yau da kullum duk a kati suke ga ma'aikatan safe da rana. Tiyub ya riƙe gaggawa, tabbatar da ABO a gwajin dacewa, rulo, taita, da duk inda kati ya rikice. Kowace safiya kafin a taɓa samfurin majinyaci sai an gudanar da kwantirol, antibodi mai rauni da aka sani da kuma negetif, domin shi ne kaɗai ya maye gurbin ƙwayoyin shaidar da muka rasa.

Abu biyu ke damuna. Na farko, yanzu a hannun kamfani ɗaya muke: kati nasa, ruwan sirki nasa, injin ma an saita gudunsa da lokacinsa don katinsa, ba a haɗa na wannan da na wancan. Ƙwayoyin bincike kuma 'yan makonni suke yi su lalace, in oda ta makara mako ɗaya mun tsaya. Na nemi a riƙa ajiye kayan tiyub da za su ɗauke mu in hakan ta faru. Na biyu ya biyo bayan na farko: sababbin ma'aikata biyu da suka zo a watan jiya ba su taɓa wanke ƙwayoyi da hannu ba tun barinsu makaranta. Na ba ɗayansu tiyub mai 1+ ya karanta, ya girgiza shi kamar kwalbar magani ya ce negetif. Na sa rana ɗaya a kowane wata da kowa zai yi samfurin da ba a gaya masa amsarsa ba a tiyub, ni ma a ciki.

Ma'aikatan dare za su shiga ranar 16 ga wata, bayan kowannensu ya yi zubi a gabana na ga giɓin iskarsa. Saura uku ban gani ba. DTT bai iso ba, an ce mako mai zuwa, kuma dattijon nan ya karɓi allurarsa ta farko ranar Laraba. Fifet na biyu ya fara ɗiga, na cire shi daga benci na aika a auna shi.